Bokitin da Ba Ya Zama a Ƙasa

A gidajen mai na bakin hanyar Funtuwa zuwa Zariya, da barandar wasu tsofaffin asibitoci, akwai abin da ido ya saba da shi har ya daina ganinsa: jajayen bokitai uku ko huɗu a jere, rataye a jikin ƙarfe, kowanne cike da yashi. Na yanzu yawanci bokitin kasuwa ne aka shafa wa fenti. Amma in an yi katarin samun na dā, mai kaurin ƙarfe, sai a leƙa ƙarƙashinsa. Gindinsa a dunƙule yake, wani ma da tsini, wani kuma an liƙa masa mariƙi na biyu a can ƙasa. Da an sauke shi an dire sai ya kwanta ya amayar da abin da ke cikinsa. To wane maƙeri ne zai ɓata ƙarfe da lokaci a kan bokitin da ba ya zama?

A fara da yashin tukuna. Allah ya yi wuta da buƙatu uku: abin da za ta ci, iskar da za ta shaƙa, da zafin da zai riƙe ta. A raba ta da ɗaya, ta mutu. Ruwa zafin yake ɗaukewa, shi ya sa yake maganin wutar kara da itace. Fetur da kananzir kuwa ba su kai ruwa nauyi ba, in an watsa musu sai su haye kansa, su bi shi duk inda ya malala, wutarsu na biye. Yashi binne ta yake yi, ya toshe mata iska, ya tsotse man da ya zube. Ba ya tsami, ba shi da ranar lalacewa, ba ya neman bakanike.

Ba sai an koya wa mutumin Funtuwa ko Malumfashi tsoron wuta ba. Ƙasar kara ce, kuma da hunturu ya buga komai ya zama makamashi. Ga kuma auduga. Kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Manchester a 1902, ya dasa injin gurza a Funtuwa tun zamanin Turawa, har yau akwai unguwar da ke amsa sunansa, layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa garin ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Wutar auduga munafuka ce. Tartsatsi ɗaya daga haƙoran inji kan shige cikin dila, a matse a ɗaure da shi, ya yi kwanaki yana ci a ɓoye kafin ya bayyana a sito ko a kan mota.

Duk da haka asibiti ya fi ko'ina wuya, don shi ne gidan da mazauna cikinsa ba sa iya gudu. Ga mai karaya da ƙafa a rataye, ga wanda ake ƙara wa ruwa, ga mai naƙuda, ga bakwaini a kwalba. Wannan ne ya sa manyan asibitocin masu taɓin hankali na Ingila na dā, waɗanda ake ginawa can bayan gari da gonarsu da tankin ruwansu, ba sa zaman jiran 'yan kwana-kwanan birni. Kowanne da nasa, kuma ba wasu baƙi ba ne: kafinta ne da mai lambu da mai kula da tukunyar injin ɗumama ruwa da masu jinya. Da ƙararrawa ta kaɗa kowa ya yar da aikinsa, ya kifa hular tagulla, a ja amalanken mesa a guje. Abin da suke gudu ya faru a Colney Hatch, arewacin Landan, ranar 27 ga Janairu 1903. Kafin gari ya waye wuta ta kama wani ɓangare na wucin gadi da aka yi da katako da kwano, mata marasa lafiya fiye da 50 suka mutu.

Kayan aikin 'yan kwana-kwanan asibitocin nan abin kallo ne. Kamfanin Merryweather na Greenwich ya ƙera famfon da maza ke dannawa ta gefe biyu, su ɗaga su sauke har kafaɗa ta gaji. Tun 1818 George Manby ya fito da tukunyar tagulla mai feso ruwan magani da ƙarfin matsattsiyar iska. Aka yi wata mai ruwan soda da 'yar kwalbar asid a ciki, wadda sai an kifa ta ka a ƙasa su haɗu su tunzura. Aka yi Pyrene, ƙaramin famfon hannu mai sheƙi, daga baya aka gane maganin cikinsa in ya taɓa zafi hayaƙinsa guba ne, aka janye shi. Kowanne ya yi tashensa ya koma gidan tarihi. Bokitin yashi, wanda ya fi su duka rashin fasaha, shi ne har yanzu yake bakin aiki.

Sirrin gindin nan kuwa ba game da wuta ba ne, game da mutane ne. A ce tsakar dare ne a ɗakin mata, famfo ya ɗauke, wata mai jinya tana son wanke zanin uwarta. Ta hango bokiti mai shimfiɗaɗɗen gindi a rataye. Ta ce wa mai gadi, "Baba, don Allah ara mini wannan in ɗebo ruwa a rijiya, yanzun nan zan dawo da shi." Ba ɓarauniya ba ce, kuma gaskiya ta faɗa, niyyarta ke nan. Ta juye yashin a gindin bishiya. Da safe mai shara ta gan shi a bakin rijiya ta ɗauka ta yi goge-goge, mai lambu ya karɓa ya ba shuka ruwa, wani ya kife shi ya zauna a kai yana jiran likita. Ba wanda ya sace shi. Bayan wata guda ƙugiya ce kaɗai ta rage a bango. Maƙerin bokiti mai dunƙulallen gindi bai rubuta gargaɗi ba, bai sa kwaɗo ba, don abin da za a nema a guje ba a kulle shi. Ya dai hana bokitin iya duk wani aiki sai nasa.

Manomi ya san wannan dabarar ko bai taɓa shiga asibiti ba. Irin masarar da yake saye a leda kafin damina ja ne ko ruwan hoda, an cuɗanya shi da magani. Maganin don ƙwari ne, launin kuwa don mutane, domin kada ranar da tukunya ta rasa abin ɗorawa wani ya kai shi niƙa.

Amana ma ba kasafai ɓarawo ke cin ta ba. Ma'ajin ƙungiyar manoma yana zaune a zaure da kuɗin takin da 'yan ƙungiya suka tara, sai ga amininsa. "Malam, ara mini wani abu daga ciki, ranar kasuwar Dandume in na sayar da masara zan mayar." Gobe ƙanin matarsa ne da takardar magani a hannu, jibi shi kansa ne, sunan jikarsa ya matso. Kowace buƙata gaskiya ce, kowane mai aro mutumin kirki ne, kuma kowanne kaɗan ya ɗauka. Sai ranar da motar taki ta iso a buɗe jaka a tarar da takardun alkawari. Haka gonar marayu ke tafiya, kunya ɗaya ɗaya, haka kuɗin rufin masallaci. Wanda kuma ya ƙi, ya ce wannan kuɗin ba ya zama a hannun kowa sai ranarsa, shi ne ake kira mai taurin kai, marar zumunci, ana yi da shi a majalisa. Abin mamaki, in an tashi neman wanda za a danƙa wa gadon yara, ƙofarsa ake fara bugawa, har da masu yi da shi ɗin.

Sai dai ƙin zama a ƙasa bai wadatar ba. A tura yatsa cikin bokitin da ya shekara a rataye. Feshin damina ya jiƙa yashin, rana ta gasa shi, ya dunƙule ya zama dutse. A samansa ga guntun taba, ga tofin goro, ga ledar ruwa. A juye shi a kan wuta, ko dai ya ƙi fita, ko ya faɗo curi guda ya fantsama man. Waɗancan ma'aikatan asibitocin Ingila rabin aikinsu ke nan da ba wanda ke gani: a warware mesa a duba inda ta tsage, a shanya ta kada ta ruɓe, a shafa wa famfo mai, a motsa yashi a sake shi, a yi atisaye a ranar da ba wutar da ta tashi, mai lambu yana gunagunin an raba shi da kayan miyansa.

Akwai irin wannan mai riƙon amanar. Bai ara wa kowa ko tiya ɗaya daga masarar marayu ba, ya sa kwaɗo, ya rataya makulli a wuya, duk wanda ya zo ya koma da haushi. Amma bai taɓa buɗe siton ya juya buhu ba, bai sa magani ba, bai sayar da tsohuwa ya sayi sabuwa ba lokacin kaka. Ranar da babban yaron ya zo karɓa zai koma makaranta, aka ƙirga buhunan a gaban dattawa, suna nan cif yadda mahaifinsa ya bar su. Da aka soka bututun awo a na farko sai gari da ƙwari suka zubo. Dillalin da aka kira ya zagaya siton sau ɗaya, ya ce sai dai a kai wa masu kiwon kaji.