Wa Zai Ta Da Wanda Bai Saba Faɗuwa Ba?

'Yan'uwa, akwai wani ƙaramin jirgin ruwa da ake kira katamaran. Sunan ya fito daga harshen Tamil na kudancin Indiya, ma'anarsa itatuwan da aka ɗaure tare. Kwalekwale biyu ne sirara, an haɗa su gefe da gefe, an kafa doguwar sanda a tsakaninsu domin filafilan da iska ke turawa. Wani Ba'amurke, Hobie Alter, ya fito da nasa samfurin a Kalifoniya a 1968. Wanda ya biyo bayansa, Hobie 16, tsawonsa kamar mita 5 ne, nauyinsa kuwa wajen kilo 145.

Da yake ƙafa biyu gare shi, ba ya tangaɗi kamar kwalekwale guda. Amma idan iska ta kifar da shi har sandar ta nutse ta dubi ƙasa, faɗin nan da ya tsai da shi, shi ne zai riƙe shi a kife.

Saboda haka matuƙa sukan yi hanzari tun yana kwance a gefe. Ba su rabuwa da jirgin, gama iska takan kore shi fiye da saurin mai iyo. Sukan saki igiyoyin filafilan don ruwa ya zube, su juya goshin jirgin wajen iska. Sa'an nan su jefa igiya ta kan kwalekwalen da ke sama, su tsaya a kan na ƙasa, su jingina baya da dukan nauyinsu. Sau da yawa nauyin mutum ɗaya ba ya isa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, ga tambayarmu. Idan dattijon da kowa ya amince da shi ya ci amanar kuɗin jama'a, wajibi ne mu ta da shi? Waɗansu sukan ce, "Ai ya san daidai, bari ya tashi da kansa. Tausaya masa raina laifin ne." Maganarsu tana da ƙanshin gaskiya, gama waɗanda aka cuta suna da hakki.

Duk da haka mu lura: mutuncin da ya riƙe shi shekara da shekaru, shi ne yanzu ya zama kunyar da ta danne shi. Ta fi ƙarfinsa shi kaɗai, kowace ranar shiru kuwa ƙara nutsar da shi take yi.

Shi ma yana da nasa aiki. Sai ya saki hujjojinsa, ya fuskanci waɗanda ya cuta, ya biya abin da ya ci. In ya ƙi, ko mutum goma suka ja igiya, a banza ne. In kuwa ya yarda, kada mu tsaya a gaɓa muna ba da labarinsa. Mai ta da jirgi, dole rigarsa ta jiƙe.