Uban da ya yi kamar bai sani ba

A fim ɗin Ang Lee na 1993, The Wedding Banquet, shekara 26 kafin Taiwan ta halatta auren jinsi, Wai-Tung, ɗan Taiwan mazaunin New York, ya shirya auren bogi don iyayensa su sarara masa, alhali da namiji yake zaune, Simon. Ashe uban yana jin Turanci, ya gane komai. Ya keɓe da Simon, ya ba shi kyautar kuɗi, ya ce kada kowa ya ji.

Mu da muka taso cikin kawaici mun yi saurin kiran wannan tausayi. To amma wa shirun ya amfana? Uban ya samu jikan da yake nema. Wai-Tung kuwa ya raka shi filin jirgi yana ɗauke da ƙaryar da babu wanda ya ce masa ya sauke.