Baƙon Dauro Ba Aljani Ba Ne, Mu Ji Tsoron Allah

Jama'a, ina roƙonku da girman Allah ku saurare ni, domin abin da ya faru a unguwarmu ya hana ni barci. Yaro ɗan shekara biyar ya dawo daga makarantar allo da zazzaɓi, ga majina, ga tari, idanu jawur. Aka ce murar hunturu ce. Aka kwantar da shi ɗaki ɗaya da 'yan uwansa, aka toshe taga da tsumma wai kada iska ta buge shi. Ba a yi mako biyu ba ƙanwarsa 'yar wata bakwai ta kamu. An binne ta.

Aka toshe taga! Wace irin ƙauna ce wannan? Baƙon dauro ne ya kama yaron, wato ƙyanda. Ƙwayar cutar a numfashi take tafiya, tana iya kai awa biyu a iskar ɗaki bayan mai ita ya fita. Cikin mutum goma da ba su da rigakafi, kusan tara za su kamu. Yaro yana yaɗa ta tun kwana huɗu kafin ƙuraje su feso, lokacin da uwa ke cewa mura ce kawai. Binciken da wani masani mai suna Peter Aaby ya yi a Gini Bisau ya nuna yaron da ya kamu a cikin gida ya fi shiga haɗarin mutuwa a kan wanda ya kwaso ta a waje, saboda dare da rana yana shaƙar ta. Mu kuwa muka tura jaririya ɗakin, muka rufe taga.

Sai kuma aka ce kwana ya ƙare. Haka ne, rai na Allah ne. Amma Manzon Allah (SAW) ya hana a gwama raƙuma marasa lafiya da masu lafiya wurin shan ruwa. Raƙuma fa! Mu 'ya'yanmu muke gwamawa. Maigida, kana ina lokacin da aka zo allurar rigakafi kyauta ka ce kada a buɗe ƙofa? Ke kuma da kika goyo ɗanki mai zazzaɓi zuwa gidan barka, me za ki gaya wa Allah?

Don Allah, a ware mara lafiya, a buɗe taga, a kai shi asibiti, a yi wa yara allurar wata tara da ta wata goma sha biyar. A gidan da aka rasa jaririyar nan har yanzu akwai yara uku da ba a yi wa ba, kuma uban nasu yana nan kan bakansa.