Hakkin Wanda Muka Saɓa Da Shi

Ranar Asabar 15 ga Fabrairu 2025, wata mota ta tare gaban motar da Muhsin Hendricks yake ciki a unguwar Bethelsdorp da ke birnin Gqeberha na Afirka ta Kudu. Mutum biyu da suka rufe fuskokinsu suka fito, aka buɗe wuta, nan take ya cika. 'Yan sanda sun ce a lokacin ba su san dalili ba. Amma da bidiyon ya bazu a intanet, ba a rasa masu hamdala ba, domin duniya ta san mamacin a matsayin limamin farko da ya fito fili ya ce shi mai neman jinsinsa ne. Wannan hamdala ita ce abin da muke so mu tattauna da 'yan'uwa marubuta.

An haifi Hendricks a Cape Town a 1967, ya yi karatun addini a Karachi ta Pakistan, ya yi aure har da 'ya'ya uku. A 1996 ya rabu da matarsa ya bayyana halin da yake ciki, ya kafa ƙungiyar The Inner Circle don Musulmi irinsa, daga baya ya buɗe musu masallaci. Ba shi kaɗai ba ne. A Amurka wani saurayi, Faisal Alam, ya fara haɗa irin waɗannan mutane ta intanet a 1997, abin da ya haifar da ƙungiyar Al-Fatiha. Kafin zuwan intanet kowannensu yana zaton shi kaɗai ne a duniya. Da suka ga juna sai suka sami baki, suka kuma nemi hujja. Babbar hujjarsu, wadda Scott Kugle ya faɗaɗa a littafinsa na 2010, ita ce wai an halaka mutanen Annabi Luɗu ne saboda fyaɗe da cin zarafin baƙi, ba saboda soyayyar da aka yi da yardar juna ba.

Mu dai wannan fassara ba ta gamsar da mu ba. Mazhabobin nan huɗu sun haɗu a kan haramcin luwaɗi, kuma a ganinmu lafazin ayoyin Suratul A'arafi bai bar wa wannan tawili ƙofa ba. Malamai sun kuma bambance tsakanin mai aikata saɓo yana jin kunyar Ubangijinsa da mai halatta abin da aka haramta, wanda lamarinsa ya fi nauyi. A kan haka ne Majalisar Shari'ar Musulmi ta Afirka ta Kudu ta fitar da fatawa mai zafi a 2022.

To amma ga abin lura. Majalisar nan da ta yi fatawar, ita ce kuma ta fito ta yi tir da kisan, tana tunatar da jama'a alfarmar ran ɗan Adam. Shin tufka da warwara ta yi? Ko kusa. Ta nuna abin da da yawa daga cikinmu muke mantawa ne, wato cewa fatawa daban, hukunci daban, zartar da hukunci kuma daban. A fiƙihun da muka karanta a zaure, haddi sai da alƙali, sai da shaidu, kuma ana kawar da shi da shubuha. Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane. Da Usamatu ɗan Zaidu ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada a fagen fama, yana ganin tsoron takobi ne ya sa ya faɗe ta, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai karɓi uzurinsa ba, ya nuna masa cewa bai tsaga zuciyar mutumin ya gani ba. Idan Usamatu bai sami wannan izini ba, wa ya ba mai rufe fuska da ƙyalle, ko mai danna waya yana kabbara daga kan gadonsa?

Akwai kuma wata tambaya da ta fi damun mu a matsayinmu na masu riƙe da alƙalami. Me ya hana Hendricks barin Musulunci? A ƙasarsu tsarin mulkin 1996 ya kare shi, an halatta auren jinsi tun 2006, da ya ajiye rawani ya yi gaba babu mai taɓa shi. Amma ya ƙi, ya ci gaba da sallah da azumi cikin barazana kusan shekara talatin. Muna iya cewa ya ɓata a fahimtarsa, mun kuwa faɗa. Abin da ba za mu iya cewa ba shi ne wasa yake yi, domin ba a sayar da rai a kan wasa. Mutumin da ya riƙe bakin ƙofar masallaci ana ɓamɓare yatsunsa ya cancanci a amsa masa da ilimi, aya bayan aya, ko da amsar ba za ta yi masa daɗi ba.

Kada mu ce wannan labarin nesa ne. 'Yan daudu sun daɗe a garuruwanmu, muna sayen abincinsu a tasha, muna dariya da habaicinsu a gidan biki. A Janairun 2014, watan da aka sanar da sa hannu a dokar hana auren jinsi a Nijeriya, taron jama'a ya yi wa wata kotun Shari'a ruwan duwatsu a Bauchi ana tsakiyar sauraron ƙarar wasu da ake tuhuma, har aka dakatar da zaman. Alƙalin yana neman shaidu, masu jifa kuwa sun riga sun yanke hukunci.

A littattafanmu kuma ɗan daudu yakan shigo ne don ya rausaya, a yi dariya, ko ya yi kawalci ya mutu muguwar mutuwa a babin ƙarshe. Da wuya mu ga wanda aka nuna shi yana alwala, ko yana aika wa gyatumarsa kuɗin cefane a ƙauye, alhali duk wanda ya zauna a birni ya san akwai su. Marubucin da ya nuna wannan ɓangare bai halatta komai ba, ya dai faɗi abin da idonsa ya gani ne. Ɗalibanmu na sakandare suna karanta waɗannan littattafai a ƙarƙashin tebur, da wayoyi a aljihunsu, kuma muhawarar da aka fara a Cape Town ta riga ta iso gare su.