Tattali a Ƙasar Albasa

Wanda ya taɓa shiga Aliero a watan Maris ya san hanci ke riga ido isa garin. Albasa ce ko'ina, a gefen titi, a ƙofar gida, a kan amalanke, a cikin manyan motocin da ke jiran lodi zuwa Legas da Anaca da Fatakwal, wasu har Gana. A wannan lokaci buhu ba ya da wata daraja, domin kowa ya cire tasa a tare. Mai haƙuri shi ke ajiyewa har damina ta wuce, sa'ad da albasa za ta yi ƙaranci kuɗinta ya tashi. Sai dai ajiyar albasa ba irin ta gero ba ce, da za a zuba a rumbu a liƙe a manta. Albasa tana da rai, tana numfashi, kuma ɗaya in ta ruɓe sai ta shafa wa maƙwabtanta.

A can na ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Wani dattijo ne, aminin mahaifina, na same shi da hantsi a gindin rudunsa, wato ɗan dandamalin itace da kara da ake ɗagawa sama da ƙasa a yi masa rufin ciyawa don iska ta ratsa ta ƙasa da sama. Ya naɗe hannun riga yana zura hannu cikin tarin, yana latsa wuyan kowace da ɗan yatsa, wani lokaci ya kai hanci. Wadda ta yi laushi sai ya ware ta gefe. Da ya gama ya ɗauko wuƙa ya bi waɗanda ya ware, ya yanke inda ya taɓu, mai kyan ya zuba a ƙwarya a kai cikin gida a yayyanka a shanya. Ganyen kuwa tun ranar cira aka daka shi aka yi gabu. Na ɗauki wata da ta narke sarai na nufi bayan danga da ita, sai ya ce, "Ina za ka da ita, ɗana?" Na ce, "Baba, wannan kam ai ta gama lalacewa." Ya nuna mini wani rami can nesa da rudun, inda yake tara kashin awaki da toka da shara, ya ce, "Kai ta can. Ƙasa ce ta ba ni ita, ƙasa zan mayar wa da abarta."

Wannan hali shi Bahaushe ke kira tattali, kuma kalma ce mai faɗi. Mace tana tattalin mijinta, uwa tana tattalin jaririnta, har dukiyar ƙasa baki ɗaya da muka so raɗa wa iliminta suna, tattalin arziki muka ce. A duk waɗannan wurare ma'anar guda ce, ka riƙe abu da kulawa don ya yi ƙarko ya yi amfani. Mutane da yawa kan haɗa shi da rowa, alhali ba su haɗa hanya ba. Marowaci yana ƙulle abu har ya lalace a hannunsa don kada wani ya mora. Mai tattali yana lallaɓa abu don ya isa, ya kai ga baƙo, ya kai ga maƙwabci, ya kai baɗi. Dattijon nan da ba ya yarda albasa ɗaya ta tafi a banza, ban taɓa barin gidansa hannu rabbana ba.

Abin da ke damuna shi ne mun rage wa tattali tsawo. Mun tsayar da shi a kan kuɗi, mun kuma tsayar da shi a bakin zaure. Abin da muka saya muna lallaɓa shi. Abin da Allah Ya ba mu kyauta, ruwa da ƙasa da itace da iska, muna yi masa riƙon kayan da ba su da mai shi.

A dubi ruwa. Kakanninmu da jigo suke ban ruwa a fadama. Kowane guga sai an sunkuya an ja, an juye, an koma. Wanda ƙashin bayansa ya san nauyin ruwa ba sai an yi masa wa'azi a kan ɓarnarsa ba. Daga farkon shekarun 1990, da shirin Fadama ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan ban ruwa, noman rani ya bunƙasa a Jega da Aliero da Maiyama, kuma wannan alheri ne babba, ba na musu. Amma tare da shi muka koyi tayar da inji mu tafi hira, ruwa ya cika fangali ya tsallake ya kwanta a hanya. Sai ranar 29 ga Mayu, 2023, aka cire tallafin man fetur. Cikin 'yan makonni manoma suka fara tsayawa a kan injinsu, suna kashewa da zarar fangalin ƙarshe ya sha. Wannan tattalin dole ne, aljihu ne ya koyar da shi. Yanzu ga famfon sola yana shigowa fadamunmu, na kuwa yi murna da shi ƙwarai, don ba hayaƙi ba kuɗin mai. Tsorona ɗaya ne. Rana ba ta karɓar kuɗi, saboda haka babu abin da zai sa mutum ya kashe famfo sai halinsa. Ruwan da ke ƙarƙashin fadama kuwa tulu ne na kowa da kowa, damina ke cika shi, in ka zuƙe fiye da bukatarka rijiyar maƙwabcinka ce za ta fara jan iska a watan Afrilu.

Mu da muke alwala sau biyar a yini bai kamata wannan darasi ya zama baƙo gare mu ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudunnabi ɗaya yake alwala, abin da bai cika lita guda ba, kuma an hana almubazzaranci da ruwa ko da mutum a bakin kogi yake. Hikimar tana cikin wannan kogin. An so tattali ya zama hali, wanda yawa ba ya kashe shi. Duk da haka sai ka ga mutum ya sake famfon masallaci yana zuba, shi kuma yana can yana naɗe hannun riga.

Albasa ma da kanta tana hukunta mai wuce gona da iri. Dattijon ya nuna mini rudun wani matashi da ke kusa, wanda ƙudaje suka yi wa rumfa. Yaron ya yi ta ɗura wa gonarsa yuriya har kusa da cira, bai kuma janye ruwa ba. Albasar ta yi manyan kai, gwanin sha'awa, amma wuyanta ya yi kauri ya ƙi bushewa, ta nan ruɓa ta shiga. Shi kuwa Baba taki na gida yake fara zubawa, na zamani ɗan daidai, kuma yakan ɗauke ruwa kamar mako biyu kafin cira, ya bar ta ta sha iska wuyan ya ƙame. Tasa ba ta kai ta yaron girma ba, amma ita ke kaiwa lokacin tsada. Takin da shuka ba ta ci ba kuma ba ɓacewa yake yi ba, ruwa ke wanke shi zuwa ƙasa da gulbi. Haka ragowar maganin feshi, da wasu ke ɗauraye tankinsa a inda shanu ke sha, su kuma kai robar gida a zuba man gyaɗa.

Gidan Bahaushe na da ba ya fitar da shara mai yawa. Kara ya zama danga, dusa ta awaki, toka ta shiga sabulu ko ta koma gona, ƙwarya in ta tsage a kai wa gyartai ya ɗinke. Na san talauci na da hannu a wannan, ba duka ne nagarta ba, kuma ba na kiran kowa ya koma ɗaure ƙosai a ganye. Amma abin da muke zubarwa a da ruɓewa yake yi, leda kuwa ba ta ruɓewa, mu kuma hannunmu bai canja yadda yake jifa ba.

A Jega na ga ƙarshen wannan jifa da idona. Wata dattijuwa maƙwabciyar 'yan'uwana ta yi wata bakwai tana kiwon rago don Babbar Salla, da kuɗinsa take sa ran yi wa 'yarta kayan ɗaki. Rago yana ta ramewa, ciki kuwa ya kumbura ya yi tauri. Da aka ga zai mutu aka kira mahauci. Ina tsaye ya farke tumbin, ya zaro wani dunƙule baƙi ƙirin, a murɗe kamar igiya, ya ɗaga da hannu biyu. Ledar fiya wata ce da baƙar leda da guntun buhu, sun cure wuri ɗaya. Ya ce, "Inna, ai wannan ya daɗe ba shi da wurin sa abinci." Ba ta ce komai ba, ta dai zauna a kan turmi ta zuba wa ledar ido. Ban san ko akwai wadda na yar a cikin dunƙulen nan ba, amma na san na sha ruwa a wannan layi na saki ledar a ƙasa ba sau ɗaya ba. Tun ranar nake yawo da jakar buhu in za ni kasuwa, in an miƙo mini leda ta biyu in ce a bar ta.

Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, maƙwabciyarmu Nijar ma ta yi doka a 2014, amma duk wanda ya je Maraɗi ko Ƙonni ya san har yanzu leda na rataye a ƙaya. Doka tana da amfani, sai dai ba ta bin mutum lungu.

Jega a bakin Gulbin Zamfara take, kuma ba wanda ya manta daminar 2020, lokacin da ruwa ya shafe dubban gonakin shinkafa a jihar Kebbi, ya karya gadoji, ya rushe gidaje. Ba zan ce leda ce ta kawo wannan ambaliya ba, ruwan sama ne ya yi yawa gulabe suka cika suka batse. Amma a cikin gari, kwalbatin da shara ta toshe shi ke zaɓar gidan da ruwa zai shiga, kuma sau da yawa ba gidan mai zubar da sharar ba ne. Gidan ƙasa ne na wani talaka da ke can gangare.

Maganar itace ta fi kowace nauyi a wurina, domin a nan ne mai tattali da mai yunwa ke kallon juna. In ka bi hanyar da ta tashi daga Jega ta ratsa Maiyama ta nufi Koko, za ka ga itacen girki a jibge da buhunan gawayi a jere. Kafin a sami buhu ɗaya na gawayi ta hanyar binne itace a ƙasa, sai an ƙone itace mai nauyin buhun sau biyar ko fiye. Ƙirya ake fara nema, in ta ƙare a faɗa wa marke, yau har kaɗanya da ɗorawa ba su tsira ba, bishiyoyin da mata ke samun man kaɗe da daddawa daga gare su shekara da shekaru. Ba zan zargi matar da ke hura wuta ba. Gas ya fi ƙarfinta, yara kuma sai sun ci tuwo. Abin da tattali ke nema a gare ta kaɗan ne kuma yana hannunta. Ta yi wa murhu katangar laka don iska ta daina kwashe wutar, ta rufe tukunya, ta jiƙa wake tun dare, in ta sauke ta zare itacen ta kashe. Masu turara shinkafa kuma ga ɓuntu nan tsibi-tsibi a bayan injinan casa, yana ci da wuta in an yi masa murhun da ya dace. Abin da tattali ke nema a wurin mai gatari ya fi girma. Ya sassabe reshe, ya bar uwar.

An gwada wannan a ƙasar Hausa, ya kuma yi. A yankin Maraɗi, a lokacin farin shekarun 1970 da 1980, gonaki sun zama fili fetal. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sharewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, tohon kututturan bishiyoyi ne masu saiwa mai zurfi a raye. Manoma suka fara zaɓar toho biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, su rage sauran, su kare su. Suka raɗa wa abin suna sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da hekta miliyan 5 da bishiyoyi kimanin miliyan 200 a Nijar, ba da kuɗi mai yawa ba, da wuƙa da haƙuri. Gawo ya fi yawa a wurare da dama, don shi da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, ya ba ƙasa taki, da rani kuma ya ba dabbobi 'ya'ya.

Kebbi tana cikin jihohi 11 da aka fara shirin dashen itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa da su a Nijeriya, kuma kowace damina ana dashen itatuwa. Dashe aikin yini ɗaya ne. Abin da ke raya bishiya shi ne wanda zai kewaye ta da ƙaya, ya ba ta ruwa rani uku a jere, ya kori akuya. Ruwan alwalar masallaci ɗaya, in aka yi masa 'yar hanya, ya isa ya raya dogon yaro biyu ko uku.

Da zan bar Aliero dattijon ya raka ni har bakin gonarsa ta tudu, inda yake shuka gero. A tsakiyarta akwai wani tohon gawo da bai wuce ƙugu ba, an kewaye shi da ƙayar magarya. Na ce, "Baba, wannan yaushe zai yi inuwa?" Ya ce, "Wanda nake hutawa a ƙarƙashinsa can, kakana ya bar shi." Ya sunkuya ya gyara wata ƙaya da iska ta ture, ya danna gindinta da dutse, sannan muka kama hanyar tasha.