Cocin Zamani da Ƙasar da Aka Kafa Shi a Kanta

Fasalin cocin Katolika ya sauya ƙwarai a ƙarni na 20, kuma daga yadda ake ibada sauyin ya faro kafin ya kai ga siminti. Tsohon tsari dogon zaure ne, bagadi yana can ƙurya, fada ya ba jama'a baya yana addu'a da harshen Latin. Babban Taron Batikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya yarda a yi ibada da harshen mutanen gari, ya kuma nemi kowa ya sa baki a cikinta. Sai aka janyo bagadi kusa, fada ya fuskanci jama'a, kujeru suka kewaye shi. Kankare da ƙarfe sun riga sun ba magina damar lanƙwasa bango yadda suka ga dama, kamar yadda Le Corbusier ya yi a cocin Ronchamp na Faransa a 1955.

Wannan tarihi ya shafi ƙasar Kabi kai tsaye. Katolikan yankin Gwandu, inda Jega da Aliero da Maiyama suke, suna ƙarƙashin Dayosis ɗin Sakkwato. A 1953 aka damƙa yankin Sakkwato ga limaman ƙungiyar Dominikan da suka zo daga Amurka, ya zama cikakken dayosis a 1964, Edward Lawton ne bishof na farko. Daga 2011 Matthew Hassan Kukah ke riƙe da kujerar a cocin Holy Family na Sakkwato.

Waɗannan 'yan Dominikan ne suka gina wani cocin zamani mai suna a Nijeriya, a gidansu na horar da limamai da ke Samonda, Ibadan, a farkon shekarun 1970. Wanda suka ba aikin, Demas Nwoko, ba ilimin gini ya karanta ba. Zane da sassaƙa ya koya a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 don ƙin kwaikwayon Turawa ido rufe.

Mai ziyara yakan fara hango hasumiyar, wadda samanta ke nuni da rawanin ƙaya da Kiristoci suka yi imani an aza wa Yesu. Idan ya shiga, ginshiƙan katako da aka sassaƙa da hannu ne za su tarbe shi. Wurin zama ya kewaye bagadi, haske yana sauka daga sama, ido kuma yana bin hasken ba tare da an ce masa ga inda zai duba ba. Akwai ruwa a gefen ginin, an kuma bar wa iska hanyoyin shiga da fita, don haka ciki yakan yi sanyi ba da na'ura ba. Bangon ya ɗauki launin ƙasar wurin, domin Nwoko yakan haɗa jar ƙasa da siminti ya buga bulo. A nan gwanintar take: duk abin da ya ƙawata ginin yana da aikin da yake yi.

Tambayar da ke ƙarƙashin wannan duka ita ce ko ɗakin ibada sai ya yi kama da na ƙasar da addini ya fito kafin ya sami kwarjini. Masu cewa e suna da hujjar da ba za a raina ba. Tsohon fasali yana haɗa mai ibada da magabata, wasu cocin zamani kuwa sun fito fayau kamar ɗakin taro. A kan wannan ra'ayi aka gina katafaren cocin Yamusukuro a Kwaddebuwa, wanda aka keɓe a 1990, aka kwaikwayi na Waliyyi Bitrus da ke Rum.

Amma Bahaushe yana da amsa a gida. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina wajen shekarun 1830, da tubali da azara da bakan gizo aka tsayar da shi. Bai ɗauko fasalin Masar ko na Santambul ba, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce ya gaza a matsayin masallaci. Alƙibla da sahu su ne wajibi, sauran kuwa an bar wa magini da ƙasarsa. Haka bagadi da taron jama'a suke a coci. Ginin da ya kiyaye wajibi, ya kuma lura da rana da iskar wurinsa, ya fi wanda aka kwafo daga hoto gaskiya.

Cocin Ibadan ya cika wannan sharaɗi. A 2023 aka ba Nwoko lambar Zakin Zinariya a bikin baje kolin gine-gine na Benis a Italiya, don aikin da ya yi tsawon rayuwarsa.