Mai tafiya da mai zama: wa ya fi wani?

Tun a lakwal aka koya mana cewa rayayyun halittu kashi biyu ne: masu yawo kamar akuya da tsuntsu, da kuma kafaffu wuri guda kamar itace da ciyawa. Dalilin ba boyayye ba ne. Dabba ba ta iya haɗa abincinta da kanta, dole ta tashi ta nema. Itace kuwa da hasken rana da ruwa da iska yake haɗa nasa a cikin ganye, don haka ba shi da buƙatar ƙafa.

To, wannan rabo ya bi mu har cikin fada. In an ɗora shayi, gardamar guda ce: a tafi ko a zauna? Wani ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi, shi kam da ya gama bak sai Agadas, daga nan Libiya ko Aljeriya. Wani ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mai tafiya yana kallon mai zama a matsayin rago, mai zama yana kallon mai tafiya kamar wanda ya gudu ya bar ladansa.

Ni dai a ganina duk mun yi wa itace gurguwar fahimta. Wa ya ce ba ya motsi? Shuka wake a gwangwani ka ajiye kusa da taga, bayan ƴan kwanaki za ka tarar ya karkata wajen haske. Itacen nan na Tenere, wanda mota ta kaɓe a 1973, gawarsa tana gidan tarihi na Yamai yanzu, saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 kafin ta cim ma ruwa. Wannan ba tafiya ba ce? Sai dai ƙasa ya nufa, ba gabas ko yamma ba. Abin da itace ya kasa zuwa da kansa kuma, ƴaƴansa yake aikawa: ƙarangiya ta maƙale a wandonka, tumfafiya ta ba iska audugarta, gawo ya bi cikin akuya ya faɗo da taki a wata gona.

Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Duba masu zaman su biyu. Gawo yana kakkaɓe ganyensa da damina, ya bar wa hatsi rana da taki, da rani ya yi kore ya ciyar da bisashe. Shi ya sa manoman Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980, suka koma barin tohon itace a gonakinsu, har miliyoyin eka suka farfaɗo. Kauci ma yana zaune wuri guda, amma a kan reshen wani, yana tsotsar ruwansa har reshen ya bushe.

Duba masu tafiyar ma. Shamuwa takan yi ci-rani har kudancin Afirka, amma gab da damina sai ga ta a kan itacen tsakar gari, tana sheƙa, tana tsince fara. Fara ita ma matafiya ce, sai dai waɗanda suka ga 2004 sun san abin da ta bari a baya: karan hatsi tsirara, da yunwar 2005.

Saboda haka, ɗan'uwa, kar ka tambaye ni ko tafiya ta fi zama. Akwai wanda ke Tamanrasset yana dako, amma kuɗin da yake aikowa su ke riƙe ƙanwarsa a kwalej. Akwai wanda bai taɓa wuce tashar mota ba, amma kullum hannunsa na cikin tukunyar tsohuwarsa, bai san hanyar gona ba. Akwai kuma wanda ya zauna yana noman rani a fadama, ƙauye na ci daga guminsa, da wanda ya tafi shekara goma ko waya babu.

Dabba da itace ba su zaɓi halinsu ba, haka Allah Ya yi su. Mu ne aka ba zaɓi, mu kuma za a tambaya. Kafin ka ɗaure jaka, ko ka sake shimfiɗa tabarma a fada, ka ƙirga mutum nawa ne za su ci daga wannan shawara taka.